Amsa ga ɗan'uwa mai neman jaridar Larabci da ba ta da ɓangare

Wa alaikumus salam. Ustazu, tambayarka ta tayar min da tsohon miki. Ka ce kana rubuta kundin digiri na biyu a kan yadda sharhin jaridun Larabawa ke kallon diflomasiyyar yankinsu da tattalin arzikin duniya, ka tara sharhi mai yawa, amma kowace jarida da inda ta sa gaba, shi ne kake so a nuna maka wadda ba ta da ɓangare ka jingina da ita. Wallahi babu ita. Kar ka ɓata data wajen nema. Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce ka riƙe Asharq Al-Awsat, Allah ya saka masa, amma a bar wannan shawarar.

Ni ma a kan rikicin Gulf na 2017 na yi nawa. Ka san yadda aka yi, ranar 5 ga Yuni Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar. Na ɗauko Okaz da Al-Ittihad a gefe guda, suna cewa Katar na ɗaukar nauyin ta'addanci, na ɗauko Al-Raya da Al-Sharq na Doha a ɗaya gefen, suna cewa ana son ƙwace wa ƙasarsu 'yancinta, na haɗa da Al-Araby Al-Jadeed ta Landan. Malamin da ke duba aikina a ɗaya daga cikin ƙasashen huɗun ya yi karatu, kuma zuciyarsa tana can har gobe. Ranar da na kai masa babi na uku, na biya kuɗin bugawa da na ɗauri, na yi sammako na hau mota, na zauna a benci ƙofar ofishinsa har aka kira azahar. Da na shiga ko zauna bai ce min ba. Ya buɗa, idonsa ya faɗa kan Al-Araby Al-Jadeed, ya ɗauki jan biro ya ja layi daga saman shafi har ƙasa, sai da takardar ta yage. Ya ce, "Jaridun 'yan Ikhwan ka kawo min?" Yana nufin ƙungiyar nan ta Muslim Brotherhood. Na ce Malam, ai ita kanta jaridar tana cikin waɗanda aka nemi a rufe a sharuɗɗa 13 da aka gindaya wa Katar, tare da Aljazeera, ta yaya zan yi nazarin rikici in cire wadda ake rikicin da ita? Ya ɗora kofin shayinsa a kan kundin, ya ce in fita. Akwai ɗalibai mata biyu a ofishin, ɗaya ta sunkuyar da kai. Har yau ina ajiye da kwafin nan, da zagayen kofin a bangonsa. Zango guda ya tafi min a haka, na sake biyan kuɗin makaranta, alhali iyali na jira.

Abin da ya fi ƙona min rai, bayan taron Al-Ula a Saudiyya na Janairun 2021 da aka yi sulhu, mutumin nan ya tsaya a gaban semina yana cewa ai dama 'yan'uwa ne, saɓani ne na cikin gida. Ko kunyar idona bai ji ba. Jaridun ma haka suka yi, washegari kowa na yabon haɗin kan Gulf kamar ba su ne jiya ba.

To kai dai kafin ka karanta layi ɗaya, nemi mai jaridar. Asharq Al-Awsat da aka kafa a Landan a 1978 ta kamfanin SRMG ce, na Saudiyya. Al-Ahram ta gwamnatin Masar ce, duk da tsufanta tun 1875. Al-Akhbar ta Beirut kusa take da Hizbullah. Al-Arab ta Landan da bakin Abu Dhabi take magana. Al-Quds Al-Arabi ma ka lura, ta zamanin babban editanta Abdel Bari Atwan daban, ta bayan tafiyarsa a 2013 daban, shi kuma ya koma ya buɗe Rai Al-Youm. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba wai ƙarya suke yi kullum ba, a'a, marubutan ƙwararru ne, Larabcin wasu sai ka maimaita jimla don daɗi. Amma sharhin yana gaya maka abin da fadar ƙasar ke so a fahimta a wannan makon ne, kuma wannan shi kansa bayani ne mai daraja idan ka rubuta shi a matsayin haka.

Ka lura da kwanan wata kuma, don Allah. Ɗauki abin da jaridun Riyad suka rubuta kan Iran bayan yanke hulɗa a 2016, ka ajiye kusa da na bayan 10 ga Maris 2023 da Sin ta sulhunta su a Beijing. Babi guda ka samu kyauta.

Ɓangaren tattalin arziki ya fi yaudara, saboda akwai lambobi, sai mutum ya ɗauka babu siyasa. A Oktoban 2022 OPEC+, wato ƙasashen OPEC masu arzikin man fetur da ƙawayensu irin su Rasha, ta rage gangar mai miliyan 2 a rana, Amurka ta fusata ta ce an taimaki Rasha, jaridun Saudiyya suka dage cewa lissafin kasuwa ne kawai. Masar kuma a Maris 2024 ta saki kuɗinta, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50, IMF ta ƙara bashin zuwa dala biliyan 8, makonni kaɗan bayan cinikin Ras Al-Hikma, wani yanki a gaɓar tekun Masar, na dala biliyan 35 da Daular Larabawa. A jaridun gwamnati wannan nasara ce da amincewar duniya. A jaridun da ke wajen ƙasar, cefanar da gaɓar teku ne da tsadar rayuwa. Mu da muka ga abin da sakin naira ya yi wa buhun shinkafa a 2023 ba sai an fassara mana ba. Lambobi ka ɗauko daga babban bankin ƙasar ko rahoton IMF ko na OPEC, sharhi kuma ka bar shi a matsayin ra'ayi.

Af, na manta. Ka bambanta sharhin jarida mara sa hannu, irin Ra'yul Ahram da Ra'yul Quds, da maƙalar marubuci mai suna. Asharq Al-Awsat ƙarfinta a maƙalu yake, su Abdurrahman Al-Rashed da Ghassan Charbel. Idan ka gauraya su, mai jarrabawa daga waje zai kama ka a nan. Kamfanonin labarai na gwamnati, WAM na Daular Larabawa da SPA na Saudiyya, suna fitar da taƙaitaccen sharhin jaridunsu, yana rage wahala, sai dai gwamnati ce ta tsince maka, koma ga asalin. Kuma duk abin da ka karanta ka adana shi a PDF nan take. Al-Hayat ta rufe, na sha wuya kafin in samo wasu shafukanta.

Diflomasiyya da tattalin arzikin duniya duka a kundi ɗaya ya yi yawa, ka tsaga. Ɗauki lamari ɗaya, jaridu uku ko huɗu masu iyayengiji daban-daban, wata uku. Sannan tun kafin ka buga babi, ka binciki inda mai duba aikinka ya yi karatu, ka sa ya amince da jerin jaridun a rubuce, da sa hannunsa. Idan kana son jadawalin da na yi amfani da shi, taɓo ni ta gefe in turo maka.