Tambayoyinku: Sabon Word da Tsohuwar Kwamfuta

Tambaya: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ɓaɓura. Na buga tambayoyin jarrabawa a kwamfutar ƙanena a Kano, na zubo su a filash, amma ta mai shagon buga takardu a garinmu ta ƙi buɗewa. Ya ce bairos ne.

Amsa: Malam, filash ɗinka lafiyarsa ƙalau, da alama tsohon Word ne a kwamfutar mai shagon. Masu shagunan nan duk abin da ya gagare su sai su ce bairos, kamar tsohuwar da ke ɗora wa iska kowane ciwon kai. Wannan abu yana ci mini rai, domin mutum ya ƙona man babur ya je ya dawo, ga jarrabawa ta matso, a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A 2007 Microsoft ta sauya yadda Word ke ajiye takarda, sunan fayil ya daina ƙarewa da doc ya koma docx. Sabon Word yana karanta tsohon fayil, amma na 2003 bai san docx ba sai an ƙara masa wata 'yar manhaja. Jika yana jin Hausar kakansa, kaka kuwa sai ya yi ta kallon bakin jika.

Masu rubuta manhaja suna kiran wannan hali na sabo "jituwa da na baya". Idan kuma sabon ya zo ya watsa wa tsoho ƙasa a ido, sai su sauya haruffa biyu a kalmar Turancin don zolaya, compatibility ta koma combatability, wato "dambe da na baya". Akwai ma "jituwa har da kurakurai". Buɗe Excel ka rubuta 29 ga Fabrairu 1900, za ta karɓa, alhali Fabrairun wannan shekarar kwana 28 ya yi. Kuskuren Lotus 1-2-3 ne, manhajar lissafin da ta riga ta kasuwa, Microsoft ta kwaikwaye shi da gangan don kada lissafin mutane ya rikice.

Kullum ina faɗa: takardar da za a buga kawai, a ajiye ta a PDF. Idan sai an yi gyara a can, zaɓi Word 97-2003 wajen ajiyewa.

Tambaya: WhatsApp ya daina buɗewa a wayar mahaifina a Gwaram, yana cewa a sabunta, sabuntawar kuma ta ƙi.

Amsa: Duba lambar Android ɗinta. In ba ta kai 5 ba, an yi damben an gama. Kwashe lambobin Baba, in an sayar da riɗi a sama masa wata.

Tambaya: Daga Rano. Abokaina sun ce kada in taɓa sabunta manhajar banki, tana cinye data.

Amsa: Sabunta yau ɗin nan. Datar da kake ƙonawa a TikTok kafin la'asar ta ninka wannan.