Ta Ina Zan Ɓullo Wa Ɗalibaina Kan Darasin Bashin Ƙasa Da Talauci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tattalin arziki ne a wata makarantar sakandare a Argungu. Duk sanda muka zo darasin bashin ƙasa, yara suna haddace ma'anarsa tsaf, amma ba sa ganin abin da ya haɗa shi da ƙuncin da ake ciki a gidajensu. Ta ina zan ɓullo musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka fara da tiriliyan. Yaron da bai taɓa riƙe naira dubu ɗari ba, in ka ce masa bashin Najeriya ya haura naira tiriliyan 144 a ƙarshen 2024, tamkar ka sa shi ƙirga yashin gulbi ne. Ka fara da fadama.

Da wuya ka samu ɗalibi a ajinka da bai san manomin shinkafa da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa a noman rani ba, da alkawarin zai biya da buhuna in an yi girbi. Iyayen wasunsu ma sun shiga shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. To, ka zana manoma biyu a allo. Na farko ya ranci kuɗi ya sayi inji da taki, ya samu buhu 40, ya biya 10. Na biyu ya ranci daidai wannan kuɗin ya yi hidimar biki, ya samu buhu 12, shi ma ya biya 10. Ka tambaye su: a gidan wa za a rasa kuɗin magani kafin damina? Ba sai ka faɗa musu ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Inda aka rabu shi ne me aka yi da shi, kuma nawa ya rage bayan an biya.

Daga nan sai ka mayar da gwamnati manomi, haraji da kuɗin man fetur su ne buhunanta. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya sun tafi wajen biyan bashi da ruwansa. Ka bar su su yi tunanin abin da ya saura wa asibiti, rijiyar burtsatse da albashin malami. A 2022 ɗin ne kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, wato rashin abubuwa kamar lafiya, ilimi da muhalli mai kyau, akasarinsu a Arewa. Amma ka yi musu adalci: bashi ba shi kaɗai ne sila ba, akwai rashin tsaro, ambaliya da almundahana.

Abin da ya fi ɗaure wa yara kai shi ne bashin dala, kuma lissafi ɗaya ya ishe su. Dala 100 a farkon 2023 kusan naira 46,000 ce a farashin gwamnati. A 2024 ta kai wajen naira 150,000. Ba a ƙara rancen ko sisi ba, amma nauyin ya ninka sau uku.

In lokaci ya ba ka dama, ka ba su labarin 2005, lokacin da Obasanjo da ministar kuɗinsa Ngozi Okonjo-Iweala suka samu Paris Club, ƙungiyar ƙasashen da ke bin Najeriya bashi, ta yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya kusan biliyan 12. Aikin gida kuwa, kowa ya tambayi wani babba a gidansu abin da ya taɓa ci wa bashi da yadda ya biya, ba tare da kawo suna aji ba, don bashi sirrin mutum ne.