Jerin AP ba shi ne ke raba gurbin March Madness ba

Ɗan'uwa, ka ce ƙungiyar da kake goyon baya a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ta ci wasanninta biyu a mako guda, amma ta sauka a jerin 25 na farko, ga Maris ya ƙarato, watan da ake fara March Madness, gasar da ke fitar da zakaran ƙasar. Kana tambaya ko gurbinta a gasar na cikin haɗari, da kuma ko wadda ke ta ɗaya ita ce za ta ɗaga kofi. Na daɗe ina hana idona barci a kan wasannin nan, tunda a wajenmu sai dare ya tsala ake fara su, to ga abin da na gani.

Jerin da ka gani na kamfanin dillancin labarai na AP ne, mai fitowa duk Litinin, kuma tun 1949 ake yin sa. Ra'ayi ne zalla. 'Yan jarida da masu sharhi wajen 60 ne kowa ke rubuta ƙungiyoyinsa 25, ta saman ta samu maki 25, ta ƙasan maki 1, a tara. Kociyoyi ma suna da nasu, kuma ba su cika nisa da juna ba. Ƙungiyoyin rukunin farko sun haura 350, ba wanda ke iya kallon su duka. Saboda haka idan wata da ke bayanku ta je har gida ta kayar da babbar ƙungiya a idon kowa, ku kuwa kuka doke ƙanana biyu, sai a ɗaga ta a kanku ba tare da kun yi laifin komai ba.

Masu raba gurbi daban suke. Kwamiti ne na mutum 12 na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in, kuma yana sanar da sakamako wata Lahadi a tsakiyar Maris. A 2011 aka mayar da adadin ƙungiyoyin da ke shiga gasar 68. Duk wadda ta ci kofin lig ɗinta ta shiga kai tsaye, ko da ba a taɓa ganin sunanta a jerin AP ba, sauran kuma kwamiti ke zaɓa. Ma'aunin da ya fi dogara da shi sunansa NET, lissafin kwamfuta ne da ya maye gurbin tsohon ma'auni mai suna RPI tun kakar 2018 zuwa 2019. A nan ya kamata ka sa ido. Ana kasa wasanni kashi huɗu bisa ƙarfin abokin karawa da inda aka buga. Nasara tana shiga kashin farko idan ka doke ɗaya daga cikin 30 na saman NET a gidanka, ko 50 na sama a filin da ba na kowa ba, ko 75 na sama a gidanta. Ka ga an ba wasan waje daraja, kuma daidai ne, don wanda ya taɓa ganin yadda ɗaliban Duke ko Kansas ke ihu a kan baƙi ya san cin wasa a can sai namiji. Ƙungiyar da ta sha kashi sau 10 a lig mai zafi tana iya samun matsayi mafi kyau fiye da wadda ta tara nasarori 26 a kan raunana.

Batun ta ɗaya kuwa, gasar sili ɗaya ƙwale ce. Virginia ce ta ɗaya a jerin AP a 2018, ƙaramar jami'ar UMBC ta casa ta 74 da 54 a wasan farko. Kentucky ta 2015 ta ci wasa 38 a jere, Wisconsin ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. Gonzaga ta 2021 ba ta faɗi ba sai a wasan ƙarshe, a hannun Baylor. Houston ta Hakeem Olajuwon ma ita ce ta ɗaya a 1983 da NC State ta ƙwace kofin 54 da 52. Jami'ar Connecticut (UConn) kuwa ta yi ta tuntuɓe a Janairun 2023, mutane suka cire rai, sai ga ta ta ci wasanni shida na gasar kowanne da tazarar fiye da maki 10, kuma gwarzon gasar shi ne Adama Sanogo ɗan Mali, yana cikin azumin Ramadan. Amma kar ka ɗauka jerin banza ne: a 2025 manyan ƙungiyoyi huɗun da kwamiti ya sa a gaba, Auburn da Duke da Houston da Florida, su ne suka kai huɗun ƙarshe, Florida ta ɗauka.

Idan taku tana cikin 25 ɗin har yanzu, da wuya ƙwarai ta rasa shiga. Abin da ake ja a kai shi ne matsayin da za a ba ta, don shi ke nuna wa za ku fara haɗuwa da shi. Ka duba nasarorinku na kashin farko, ka kuma roƙi Allah kada wani babban ɗan wasa ya ji rauni a gasar lig. A 2000 Cincinnati ce ta ɗaya a ƙasar, Kenyon Martin ya karye a ƙafa ana saura kwanaki, kwamiti ya saukar da ita mataki na biyu, Tulsa ta fitar da ita a zagaye na biyu.