Amsa: Me ya sa ake mayar da uwa gida ba a yi wa ɗanta rigakafi ba?

Assalamu alaikum. Malama, kin tambayi dalilin da ya sa uwa za ta yi tattaki zuwa asibitin sha-ka-tafi a ce mata ta dawo wani mako, da kuma yadda za a gyara hakan.

Babban dalili shi ne tsoron asarar magani. Kwalbar allurar ƙyanda takan ɗauki rabon yara goma, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, wajibi ne a zubar da ragowar bayan awa shida, haka ma ta BCG, wato allurar rigakafin tarin fuka. Shi ya sa wasu ma'aikata ke jira sai yara sun taru kafin su buɗe. A ganina wannan tattali bai dace ba, domin uwar da ta biya kuɗin mashin daga ƙauye, ta yini goye da yaro a kan benci, ba lallai ne ta sake dawowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce a buɗe kwalba ko da yaro ɗaya ne ya zo.

Haka kuma, ya kamata a duba katin duk yaron da aka kawo asibiti ko da don tari ne, tunda mura ko ɗan zazzaɓi ba sa hana rigakafi. A rubuta ranar dawowa a katin, sannan a faɗa wa uwa da baki, misali mako 6, 10 da 14 bayan haihuwa, sai wata tara.

Firijin ajiye magungunan rigakafi kuwa dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a riƙa rubuta ma'auninsa safe da yamma, kuma inda wuta ba ta da tabbas a nemi mai aiki da sola.