Ka haɗa Sentry, amma shiru kake ji

Ƙanena, ka ce ka haɗa manhajarka ta Django (tsarin gina shafukan intanet da yaren Python) da Sentry, hidimar da ke kawo maka rahoton kurakuran manhaja, har yau ba rahoto ko ɗaya, alhali masu amfani suna ta ƙorafin cewa shafin biyan kuɗi yana faɗuwa. Kada wannan shirun ya kwantar maka da hankali. Ba a yarda da haɗin nan sai an gwada shi da kuskure na gangan.

Ka buɗe wata hanya a urls.py, fayil ɗin adiresoshin shafukan manhajarka, wadda aikinta kawai ta raba 1 da 0, ka ɗora a sabar da jama'a ke amfani da ita, ka ziyarce ta. Cikin daƙiƙu kaɗan ya kamata ZeroDivisionError, wato kuskuren rabawa da sifili, ya bayyana a allon Sentry. Gwajin kan kwamfutarka bai wadatar ba, don yawanci a saba matsalar take.

In bai bayyana ba, fara da DSN, adireshin da ake aika rahoto. Idan ya zo fanko, sentry-sdk, ɓangaren Sentry da ka sa a manhajarka, ba ya ihu, sai ya yi zamansa bai aika komai ba. Hakan na faruwa idan ka sa SENTRY_DSN a tagar umarninka, amma systemd, mai tada hidimomi a saba, shi ne ke tada Gunicorn, wanda ke gudanar da manhajarka, systemd kuwa bai san da ita ba. Ka rubuta ta a fayil ɗin hidimar, ka sake tada ta. Sannan ka ƙara debug=True a cikin sentry_sdk.init na ɗan lokaci, zai riƙa faɗa maka abin da yake aikawa da abin da ya hana shi. In uWSGI kake amfani da shi a maimakon Gunicorn, tabbatar enable-threads a kunne yake, domin wani zare ne na bayan fage ke aika rahoton.

To, a ce gwajin ya yi, amma na shafin biyan kuɗi bai zo ba. Nan na fi zargi. Duba ko ka lulluɓe wurin da try da except, ka haɗiye kuskuren, ka nuna wa mutum "a sake gwadawa". Abin da ka kama da hannunka ba ya isa Sentry sai ka miƙa shi da capture_exception, ko ka rubuta shi da logger.exception. Haka nan in kuskuren a burawuza yake faruwa, ɓangaren Python ba zai taɓa ganinsa ba. Sai ka sa na JavaScript daban, ka buɗe masa hanya a connect-src idan kana da CSP, ƙa'idar da ke iyakance wuraren da shafinka zai iya tuntuɓa.

Kafin ka tashi, ka cika environment da release, don ka bambance na gwaji da na gaske, ka kuma san wace ɗorawa ce ta kawo ɓarna. Traces_sample_rate kuwa, wato kason buƙatun da Sentry zai auna saurinsu, 0.1 ya isa a farko, 1.0 yana cinye kasonka na wata da wuri.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kai: bayanan mutane amana ne. Bar send_default_pii, saitin da ke tura bayanan mutum tare da rahoto, a False, ka rubuta before_send, aikin da ke tace rahoto, da zai goge lambar waya da lambar asusu kafin rahoto ya bar sabarka. Ka buɗe rahoton farko da ya zo daga shafin biyan kuɗin, ka karanta shi layi-layi, ka ga me ya fita. Hanyar gwajin nan ta 1 da 0 kuma ka cire ta yau ɗin nan.