Sai an tumɓuke X kafin in koma Wayland?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a nan Sakkwato, ina zaune a Arkilla, kuma ina karatun digiri na biyu. Ubuntu 24.04, wani nau'in tsarin aikin kwamfuta na Linux, nake amfani da shi a kwamfutata ta tafi-da-gidanka. Na karanta cewa ana shirin yin watsi da X, tsohon tsarin da ke nuna tagogin manhajoji a allo, a koma sabon da ake kira Wayland, da na duba kuma sai na ga har yanzu a kan X nake. Wani mai gyara ya ce mini dole a tumɓuke X gaba ɗaya, in kwamfutar ta ƙi tashi a yi mata fomat. Kundin binciken da na shekara biyu ina haɗawa yana cikinta, kuma hankalina ya tashi. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka miƙa wa mutumin nan kwamfutarka. Labarin da ka karanta gaskiya ne: X11, wato X ɗin da ake amfani da shi, ya fito tun 1987, Fedora, wani nau'in Linux, ta koma Wayland a 2016, Ubuntu ta bi sahu a 2021, KDE Plasma 6, wata fuskar aiki ta Linux, a 2024, sannan Ubuntu 25.10 ta cire zaɓin shiga GNOME, fuskar aikin da Ubuntu ke zuwa da ita, ta kan X. Amma fitowar da ke hannunka mai dogon zango ce, za a ci gaba da kula da ita har 2029, saboda haka babu abin da ke korarka. Komawar tana da amfani, musamman da yake a ƙarƙashin X kowace manhaja da ke buɗe tana iya leƙen abin da kake bugawa a wata, har da kalmar sirri, ta kuma ɗauki hoton allonka ba tare da ta nemi izini ba, Wayland kuwa ya toshe wannan ƙofar.

Komawar ba ta wuce minti biyu ba. Ka adana ayyukanka, ka fita daga asusunka, ka danna sunanka a allon shiga, sai ka ga wata ƙaramar alama mai haƙora a kusurwar ƙasa ta dama. Idan zaɓin da ke ciki “Ubuntu” ne da “Ubuntu on Xorg”, na farkon shi ne Wayland. Idan kuwa katin hoton kwamfutarka na kamfanin NVIDIA ne, mai yiwuwa “Ubuntu on Wayland” za ka gani a rubuce. Bayan ka shiga, ka buga echo $XDG_SESSION_TYPE a taminal, wato tagar buga umarni, don ka tabbatar. In alamar ba ta bayyana ba, ka duba fayil ɗin /etc/gdm3/custom.conf, domin sau da yawa wani ne ya taɓa kunna layin WaylandEnable=false, sai ka sa # a farkon layin ka sake tayar da kwamfutar.

Yanzu bari in dawo kan maganar mai gyaran, domin ita ce ta fi damuna, kuma kusan kullum sai na ci karo da ita. An ɗauka cewa X da Wayland kishiyoyi ne waɗanda ba sa zama gida ɗaya, sai an saki ɗaya kafin ɗayar ta tare. Wannan kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. An gina Wayland ne yadda za su iya zama tare. Akwai Xwayland, wanda shi kansa X ne da ke aiki a cikin Wayland, kuma ta kansa ne tsofaffin manhajojin da ba a sabunta ba suke buɗewa ba tare da ka ma lura ba. Hatta manhajojin da suka iya Wayland, da yawansu an haɗa su ne da wasu fayilolin X da manhajoji ke dogara da su, irin su libx11, ba kuma za su tashi ba in babu su. Wanda ya umarci apt, manhajar da ke sakawa da cire manhajoji a Ubuntu, ya cire waɗannan, apt zai yi masa biyayya, ya kuma kwashe duk abin da ya dogara da su: allon shiga, GNOME, burauza, manhajar rubutu. Kafin ya yi hakan yakan jera sunayen abin da zai cire ya tambaye ka ko ka amince, amma umarnin da ake yaɗawa a WhatsApp da bidiyoyin intanet yawanci yana ɗauke da -y a ƙarshe, wato an amsa “i” a madadinka tun ba a tambaye ka ba.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ɓata mini rai. Kwamfuta ta tashi da baƙin allo da ƴan haruffa farare, mai gyara ya girgiza kai ya ce Linux ya lalace, ya zaro filashinsa ya yi fomat, ya karɓi kuɗin aiki. Alhali a daidai lokacin da allon ya yi baƙi, ko fayil ɗaya na mai kwamfutar bai salwanta ba, duk suna nan a /home, inda ake adana fayilolin mai kwamfuta, yadda ya bar su. Da an danna Ctrl da Alt da F3, an shiga da suna da kalmar sirri, an haɗa intanet ko da ta kebul ɗin waya ne, an buga sudo apt install ubuntu-desktop, da komai ya dawo, asarar ba ta wuce ta datar intanet ba. Fomat ɗin ne ya cinye aikin, ba Wayland ba, ba kuma Linux ba. Na taɓa zama da wata ɗaliba da aka yi wa haka ana saura makonni ta miƙa kundinta, mun kwana biyu muna tonon abin da ya rage a faifan, kuma abin da muka samo bai kai rabi ba. Mutumin da ya yi mata wannan aiki bai ma san ya yi ɓarna ba, wannan ne kuma ya fi ba ni tsoro. Ga masu gyara da ke karanta wannan: kwamfutar mutum amana ce a hannunku, kuma faɗin “ban san wannan tsarin ba” bai taɓa rage wa mai sana'a daraja ba. Ku ji tsoron Allah, ku daina koyon aski a kan marayu.

Akwai abubuwan da za su canza, gara ka sani tun yanzu. In da umarnin X irin su setxkbmap ko xmodmap kake samun ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba za su yi maka aiki yadda ka saba ba. Ka shiga saitin allon rubutu ka ƙara tsarin Hausa na Nijeriya, yana nan a ciki. Haka umarnin xrandr ba zai saita maka majigin aji ba, sai ta saitin nuni. Nuna allo a taron intanet yanzu yana bi ta wata manhaja mai suna PipeWire ne, shi ya sa za ka ga taga ta fito tana tambayar wane allo za a nuna. Ka amsa mata, ba matsala ba ce. Mai NVIDIA kuma ya tabbatar direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya kai fitowa ta 555 ko sama, domin daga nan ne aka magance yawancin ƙyaftawar allo da ake kuka da ita.

Kafin ka taɓa komai, yau ɗin nan, ka kwafi kundinka a filashi, ka kuma aika wa kanka shi ta imel. Sannan ka gwada Wayland na mako guda da ayyukanka na yau da kullum, har da majigin makarantarku. In wani abu ya ƙi, ka fita, ka danna alamar nan mai haƙora, ka koma X ka ci gaba da rubutunka har ka kare kundin.