Waƙa za ta taimaki ƙanenki ya bar kodin?

'Yar'uwa, kin tambaya ko sauraron waƙa zai taimaki ƙanenki da ke fafutukar barin kodin da tiramol. Zai taimaka, amma ki fara kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, domin yanke tiramol lokaci guda kan jawo zufa, ciwon jiki da rashin barci.

Amfanin waƙa yana fitowa ne idan sha'awar ta taso masa. Takan hau, sannan ta lafa. In ya toshe kunne da waƙa mai sanyi ko ƙasida, zai iya daurewa har ta wuce.

Don Allah ki sa ya goge waƙoƙin da suke ji a majalisar shaye-shaye, domin su ke tuno masa kwalbar. In zai koyi kaɗa kalangu, ya fi, hannunsa ya samu aiki.